Nasiha ga 'Ya'yan Zango a kan Ilmin Ruwa da Ƙasa da Halittun da Ido ba ya Gani

Ya ku 'ya'yana da ƙannena na unguwar Dasasgo a Wagadugu, maza da mata, musamman waɗanda Allah ya hore wa cin jarrabawar bak a sashen kimiyya, ko kuma suke dab da zama a kanta, nufina shi ne in ja hankalinku zuwa ga wani fanni na ilmi wanda ba kasafai ake ambatonsa a zaurukanmu ba, alhali kuwa babu gida ɗaya a unguwar nan, tun daga na attajiri har zuwa na mai tura kurar ruwa, da lafiyarsa ba ta rataya a kansa ba kowace safiya. In aka tambayi yaro abin da yake so ya zama, amsarsa ba ta wuce likita, ko lauya, ko ma'aikacin duwan, ko kuwa ya gaji mahaifinsa a kasuwa, kuma duk waɗannan sana'o'i ne na mutunci. Fannin da nake nufi shi ne wanda ya haɗa ilmi biyu a ƙirji ɗaya: sanin ƙananan halittun da ke rayuwa cikin ƙasa da ruwa da taɓo, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin ƙara girma, da kuma sanin sinadaran da Allah ya ajiye cikin duwatsu, da yadda suke narkewa su shiga ruwan da muke sha.

Kowanenku ya durƙusa gaban malam ya karanta babin tsarki a Ishmawi ko Risala, ya kuma san cewa malaman mazhabarmu ta Malikiyya suna duba ruwa ta siffofi uku, wato launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, in babu wadda ta jirkita sai su ce ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukunci sahihi ne a muhallinsa, domin hukunci ne na ibada, kuma shari'a ba ta ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfin gaɓoɓinsa ba. Sai dai ingancin alwala mas'ala ce daban, amincin sha kuma wata mas'ala ce, kuma ƙasar nan tamu ta Burkina ta ga dalilin haka da idonta. A yankin Yatenga, wajen Wahiguya, an haƙa wa ƙauyuka rijiyoyin burtsatse masu zurfi domin a raba su da ruwan tafki da kurkunu da gudawa, ruwa ya fito garau, ba launi, ba wari, ba ɗaci, jama'a suka sha suka gode wa Allah; bayan shekaru sai aka fara ganin mutane da baƙaƙen tabo a jiki, da kanta mai tauri a tafin hannu da tafin ƙafa. Da masana duwatsu na Ingila tare da abokan aikinsu na nan suka auna ruwan, a binciken da suka buga a 2007, sai suka iske gubar arsanik, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 10 a lita, ta kai 1,630 a wata rijiya. Wani bincike na 2017, wanda ya tattara awon rijiyoyi kusan 1,500 a sassan ƙasar, ya nuna kimanin ɗaya cikin bakwai ta haura wannan haddi, ya kuma ƙiyasta cewa mutum fiye da dubu 500 suna iya kasancewa suna shan irin wannan ruwa.

Abin da ya fi cancanta ku tsaya ku yi tunani a kansa cikin wannan labari shi ne cewa rijiyoyin gargajiya marasa zurfi na waɗannan ƙauyuka ba su da arsanik mai yawa, amma su ne masu ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bayan gida da kashin dabbobi. Burtsatse kuwa ta tsira daga ƙwayoyin cuta, amma ta ratsa tsofaffin duwatsun da ake kira Birimiyan, waɗanda su ne masu zinariya, su ne kuma masu ma'adinan farar wuta da arsanik ke maƙale a ciki. Saboda haka wanda ya san ƙwayoyin cuta kaɗai zai ce a rufe rijiya a sha burtsatse, wanda ya san duwatsu kaɗai zai ce a rufe burtsatse a koma rijiya, kowanensu kuma ya yi fatawa da rabin ilmi.

Kada kuma wani ya ce ai Turawa sun riga sun gama binciken nan, sai dai mu ɗauko amsa daga littattafansu. A Bangaladash, inda bala'in arsanik ya fi ko'ina girma, an tabbatar cewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin laka inda babu iska suke shaƙar tsatsar ƙarfe a madadin iska, in suka narkar da ita sai gubar da ke manne a jikinta ta saki ta shiga ruwa. Irin waɗannan halittu masu numfashi da ƙarfe wani Ba'amurke mai suna Derek Lovley ne ya fara fitar da su daga lakar kogin Potomak a 1987. A Yatenga kuwa asalin abin daga tsagewar ma'adinan farar wuta ne in iska da ruwa suka same su. Guba ɗaya ce, amma sababi ya sha bamban, kuma wanda ya ɗauko maganin can ya kawo nan ba tare da tahƙiƙi ba zai ɓata kuɗin talakawa ne kawai.

'Yan uwanmu na ƙasar Hausa ma sun ɗanɗana. A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata burtsatse da aka buɗe a tsakiyar shekarun 1980 ya zo da sinadarin fulorayid fiye da kima, ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa kafin a farga. A Zamfara kuma, a 2010, yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da iyayensu ke niƙawa a tsakar gida. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da hisabi cikin ilmoman da suke farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya da ita ta sauka daga wuyan saura, in kuwa kowa ya yi watsi da ita alhaki ya hau kan al'umma duka. Ni kuma a ganina, da ƙarancin sanina, awon ruwan da jama'a ke sha bai fita daga wannan babi ba.

Fannin nan ba baƙo ba ne ga Bahaushe kamar yadda kuke zato. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja da jakuna, suna kawo kanwa da baƙin tufa suna komawa da goron Salaga, har suka yada zango a Wagadugu aka san su da unguwar Zangwetin, wadda aka rushe a 2003 domin sabunta tsakiyar birni, sun iya rarrabe jar kanwa da fara da ungurnu, sun san wadda ake ba doki da wadda ake jefawa a miya. Ku dubi kuma marini a bakin karofinsa, irin na Ƙofar Mata a Kano: yana zuba ruwa da toka da katsi da shuni, ya bar ramin kwanaki yana motsa shi da dogon sanda, har kumfa ta taso wari ya canza, sa'an nan ya ce rini ya nuna, in ya tsoma farin zane ya fito da shi sai a gan shi kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idon mai kallo. Abin da ya faru a ramin nan shi ne toka ta ba ruwan kaifi, bakteriya masu son irin wannan ruwa suka cinye iskar da ke ciki, suka juya shunin zuwa siffar da ke narkewa ta shiga zare, iskar waje kuma ta mayar da shi siffarsa ta farko ta kulle shi a ciki. Marini ya san lokaci da alama, ya gaji sanin daga ubansa. Abin da jami'a za ta ƙara muku shi ne sanin dalili da iya awo, yadda za ku faɗi abin da zai faru a ramin da ba ku taɓa gani ba.

Kuma an riga an share muku hanya a nan gida. A 1999 Abubakar Watara da Alfred Tarawore na jami'ar Wagadugu, tare da abokan bincikensu na waje, suka bayyana wa duniya wata sabuwar bakteriya da suka samo a gonar shinkafa ta ƙasar nan, aka raɗa mata suna Desulfovibrio burkinensis, har yau kuma da sunan Burkina ake kiranta a ko'ina. Danginta su ne ke fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke cutar da saiwar shinkafa a fadama. Cikin danginta kuma akwai masu juya zaibar da 'yan haƙar zinariya ke wanke gari da ita zuwa wata siffa mafi muni, wadda ke taruwa a naman kifi ta ƙare a ƙwaƙwalwar jariri. A ɗaya ɓangaren, masu bincike na makarantar 2iE sun samo bakteriya a ƙasar wuraren haƙar zinariya waɗanda ke cin gubar siyanur su karya ta. Tafkunan tace ruwan ƙazanta na Kosodo ma ba da wani injin sihiri suke aiki ba, rana ce da gansakuka da bakteriya. Ga kuma dutsen fosfat na Kojari a gabas, wanda ba ya narkewa da sauƙi a gona sai ƙananan halittun ƙasa sun taimaka, ga ramukan shuka da ake kira zai da marigayi Yakuba Sawadogo ya farfaɗo da su a Gurga har ya sami lambar yabo ta duniya a 2018, waɗanda sirrinsu taki ne da gara da abin da ke biye da gara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ishi mutum aikin rayuwa.

To, yaya ake shiga? Daga Dasasgo zuwa jami'ar Joseph Ki-Zerbo a Zogona tafiyar keke ce, ba ta buƙatar fasfo. Tsarin karatu shi ne shekara uku na lisansi, biyu na masta, uku na dakta, jimla takwas a takarda. Amma kada in ruɗe ku, da jinkirin shekarun karatu da jami'o'inmu suka sha fama da shi, da neman kuɗin gwaji, da jiran na'urar da ta lalace, wanda ya gama a shekara goma bai makara ba. Wanda ya shiga ta ƙofar ilmin halittu ya tilasta wa kansa zama a darasin duwatsu da sinadarai ko da ba za a ba shi maki ba, wanda ya shiga ta ƙofar duwatsu shi ma ya koyi renon bakteriya a faranti. Hisabi kuwa, musamman na ƙididdiga, babu mai tsira daga gare shi, kuma yaron da ke gudun lissafi a lise gara ya sasanta da shi tun yanzu. Bayan jami'a akwai 2iE da harabarta a Kambuwanse, akwai cibiyar bincike ta ƙasa CNRST da rassanta irin su INERA mai kula da noma da muhalli, akwai BUMIGEB ta ma'adinai, akwai ɗakunan awo na ONEA, wadda ke kawo mana ruwa daga madatsun Ziga da Lumbila. Ku nemi horon hutu a waɗannan wurare ko da ba a biyan ko dala, domin wanke kwalabe wata uku a ɗakin gwaji na ƙwarai ya fi shekara guda ta haddar takarda.

Harshe ma guzuri ne. Faransanci zai kai ku har dakta, amma mafi yawan abin da ake bugawa a wannan fanni da Ingilishi ne, kuma wanda ba ya karanta shi zai riƙa jin labarin ilmi bayan ya tsufa. Ku kuma kuna da abin da abokan karatunku da yawa ba su da shi: Hausar da kuka sha a nono za ta buɗe muku ƙofa a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Abdu Mumuni ta Yamai, za ta kuma sa mai haƙa a bakin rami ya gaya muku gaskiyar abin da yake zubawa a ruwa, abin da ba zai gaya wa mai tafinta ba.

Babbar shawara a wannan tafarki ita ce zaɓen malamin da zai jagoranci bincikenku, kuma a nan al'adarmu ta zaure ta riga ta koya mana cewa ba girman rawani ake bi ba. Kafin ku miƙa wuya, ku tambayi ɗalibansa na da a asirce: yana karanta abin da aka rubuta masa, ko sai ya shekara a kan teburinsa? Ɗalibansa suna gamawa? Sunan wa ake sa wa a gaba in aka buga aikin da ɗalibi ya yi da guminsa? Malami matashi mai lokaci sau da yawa ya fi shahararre mai yawan tafiye-tafiye amfani ga mai koyo.

Bari in nuna muku aikin da kansa, don kada ku zaci zaman ofis ne da farar riga. Mai ɗibar samfuri yakan isa bakin famfo da sassafe, ya gaida mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi, sa'an nan ya sa a buga famfon har ruwan da ya kwana a bututu ya fita, yana auna zafi da kaifin ruwan har awon ya tsaya wuri ɗaya. Kwalbar awon ƙarfe daban ce: a ɗauraye ta da ruwan wurin, a tace, a ɗiga mata ruwan asid don kada abin da ake nema ya kwanta a gindi. Kwalbar bakteriya kuma daban, an riga an dafa ta, ba a taɓa bakinta da yatsa, ana rufewa a sa ta cikin ƙanƙara, a kama hanya a kan babur domin sa'o'i kaɗan gare ta kafin abin da ke ciki ya canza. A ɗakin gwaji a tace mililita 100, a ɗora matacin a faranti, a ajiye a zafin digiri 44 kwana guda, gobe a ƙirga ɗigon da suka tsiro. Ƙa'ida ita ce a ruwan sha kada a sami ko ɗaya. In wuta ta ɗauke da tsakar dare a watan Afrilu, farantan duka sun tashi a banza, sai a sake komawa ƙauyen.

A irin wannan dare ne ake gane mai amana, domin babu wanda zai sani in ɗalibi ya cika gurbin da lambar da ya ga ta dace. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadi, wane daga wane har zuwa tushe, kuma mutum ɗaya maƙaryaci a tsakiya ya isa ya rushe riwayar. Haka lambar da ke cikin rahoto take, tilas a iya bin ta daga takarda zuwa na'ura, daga na'ura zuwa kwalba, daga kwalba zuwa rijiya da rana da sa'a. Ku riƙe littafin aiki da alƙalamin da ba ya gogewa, in kun yi kuskure ku ja layi a kai ku bar shi ana gani. Lambar ƙarya a wannan fanni tana iya sa a rufe rijiya mai kyau mata su koma tafki, ko a bar mai guba a buɗe yara su ci gaba da sha.

Game da abin duniya kuwa, gaskiya ɗaya ce: abokinku da ya buɗe shago a kasuwar Rud Woko ranar da kuka shiga jami'a zai riga ku gina gida, wataƙila ya riga ku zuwa Makka. Matakan malanta a ƙasashenmu suna hannun majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma hedikwatarta tana nan Wagadugu; daga mataimakin malami ake hawa mataki-mataki har zuwa cikakken farfesa, kowane hawa sai da shekaru da ayyukan da aka buga, alƙalai daga wasu ƙasashe kuma su ne ke dubawa. Wannan matsi ne ke tura wasu ga mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga kome ba tare da tantancewa ba. Ku guje su, domin tabon ba ya fita daga suna. Tallafin karatu akwai shi ga mai naci, daga hukumar DAAD ta Jamus, da cibiyar TWAS da ke Italiya, da ƙungiyar jami'o'in masu Faransanci, akwai kuma OWSD wadda ta keɓanta ga mata. Ku kuma 'ya'yana mata, ku yi maganar karatu a fili tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, kada ku bar ta ga alkawarin zance. Fannin nan yana buƙatarku ƙwarai, tun da mace ce ke ɗebo ruwa, ita ce kuma za ta gaya wa 'yar uwarta mace abin da ba za ta gaya wa namiji ba. Wanda kamfanin ma'adinai ya ɗauka da albashi mai tsoka bai yi haram ba, muddin ya san cewa wata rana awonsa zai saɓa wa son mai biyansa, kuma ya riga ya yanke wa kansa abin da zai yi a ranar.

In Allah ya kai ku Faransa ko Suwizalan ko Kanada, ku tafi, domin akwai na'urorin da ba mu da su tukuna, kuma tun 2015 rashin tsaro ya sa wasu yankunan arewa da gabas sun yi wuyar shiga ga mai bincike. Amma ku lura da wani irin haɗin gwiwa wanda a cikinsa ɗan ƙasa shi ne mai shan rana da ɗaukar kwalabe, tunani da rubutu da suna kuma su tafi wani wuri. Tun kafin a fara ku nemi a rubuta wanda zai riƙe bayanan, da wanda zai yi nazarinsu, da inda kwafinsu zai zauna a nan gida.

Saura abu ɗaya wanda CAMES ba ta ba da maki a kansa, shi ne komawa da sakamako ga masu rijiya. In awo ya nuna guba, bai isa a buga shi a mujallar da ba wanda ke karantawa a ƙauyen ba. Sai an sanar da hukumar ruwa da ta lafiya a rubuce, sa'an nan a zauna da mai gari da liman da matan da ke ɗiba, a yi musu bayani da Moranci ko Fulatanci ko Hausa, a gaya musu cewa tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ya cire arsanik, sai ma ya ƙara mata kauri in ruwan ya ƙone. A nuna musu cewa ruwan wannan famfo ya halatta ga wanki amma ba ga sha da girki ba, a shafa masa fenti don baƙo ya gane, a kuma auna sauran famfunan da ke kusa, domin sau da yawa rijiya mai guba da mai lafiya ba su fi tafiyar 'yan mintoci tsakaninsu ba, kuma uwar gida ba za ta bar na kusa ba sai an nuna mata takamaimai wanda za ta koma.